Mai Kushe Zinaren Mutane

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan garinmu na Halifax a Ingila, mai shagon tsofaffin sulalla. Ba zan kama sunansa ba. Allah ya ba shi ido. In ya ɗora tabarau a kan sulen zinare, zai faɗa maka shekarar da aka buga shi da abin da zai yi a kasuwa. Ya fi ƙwarewa a kan sulalla na bugun musamman, waɗanda ba a yi su don kashewa ba. Kaɗan ake bugawa, fuskarsu tana sheƙi kamar madubi, ko da yatsa ba a taɓa su.

Mutane sun yarda da shi. To, da me ya saka musu? In an kawo masa abu mai daraja, sai ya taɓe baki ya ce jabu ne. Bayan kwana biyu ya saye shi a kuɗin nauyin zinarensa, wai taimako ya yi.

Yana da wani aboki tun na makaranta, Cyril Hebden, tsohon direban bas, mutum mai fara'a. Wata rana Cyril yana kwashe kayan kawunsa da ya rasu, ya tsinci ƙaramin akwati. A ciki akwai sulen fam biyar na zinare, mai hoton mace da zaki. Ya garzaya shago da shi.

Mutumin nan ya duba, nan take ya gane na gaske ne. Shekara talatin yana neman irinsa. Kuɗinsa ya isa sayen gida. Amma ya tura akwatin gefe ya ce, "Kwaikwayo ne, Cyril. Ajiye shi, in na samu sarari zan saye shi a hannunka."

Cyril ya yi dariya ya ce, "Dama ni da sa'a? Ba komai, mutumina."

Sati biyu bayan haka, Cyril da matarsa Doreen suka cika shekara hamsin da aure. Aka yi walima ranar Asabar da rana a zauren unguwa. Ga shayi, ga kek, ga kifi da soyayyen dankali. Tsofaffi suna rawa suna dafe gwiwa. Masu tara sulalla na garin duk sun zo, har da mutumin nan, da 'yan kuɗin da zai ba Cyril a aljihunsa.

Cyril ya miƙe ya ɗaga hannun Doreen. Sabon zobe yana walƙiya a yatsanta.

Ya ce, "Jama'a, kun ga wannan? Sulen nan da abokina ya ce jabu ne, shi na kai wa maƙera na ce su narkar da shi su yi wa tsohuwar nan zobe..."

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun mutumin. Ya daka tsawa: "Ka narkar? Kai mahaukaci ne? Na gaske ne! Kuɗin gida ka narkar!"

Aka tsayar da kiɗa, kowa ya juyo.

Cyril ya dube shi. Sannan ya ce, "Ai ban gama ba. Maƙeran sun ƙi taɓa shi, suka tura ni wurin masu gwanjon kayan tarihi a Landan. Zoben nan kuɗin fanshona ne. Ni na ɗauka kuskure ka yi, har na shirya in yi maka tsiya yau. Ashe ka sani."

Doreen ta ce, "A sa mana kiɗa, don Allah. Yau ranata ce."

Aka ci gaba da rawa. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ƙara kallonsa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Daga ranar Litinin, duk wanda ya taɓa sayar masa da sule ya fara bincike. Wata gwauruwa ta gano nata a littafin gwanjo, an sayar da shi ninki arba'in na abin da ya biya ta. Magana ta kai kotu. Ƙungiyar masu cinikin sulalla ta cire sunansa, shago ya rufe, abin da ya tara ya tafi wajen biyan mutane haƙƙinsu. Cyril kuwa ya sayar da sulensa, ya gyara rufin zauren unguwa, ya kai Doreen bakin teku suka yi wata guda.

Ya 'yan uwa, wa ya tona wa mutumin nan asiri? Ɗan sanda ne? Abokin gaba ne? Harshensa ne, wanda ya shekara talatin yana cutar bayin Allah da shi. Ilimi amana ne. Wanda ya zo maka da abinsa don bai sani ba, ya ɗora maka wuyansa ne. In ka faɗa masa gaskiya, ka rasa ribar yini guda. In ka ha'ince shi, kana iya rasa sunanka gaba ɗaya, kuma hisabi yana nan gaba.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya yarda da mu, ya sa abin da muka sani ya zama alheri ga mutane. Amin.