Hular Barau Gola

Kawu Sallau ne ya ba mu wannan labari wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a ƙofar gida ana jiran fura. Ya ce mu da muka gama boko, muke ganin kowace tambaya da amsarta a bayan littafi, mu kasa kunne mu raba masa wata gardama. Ni ne na fara cewa a kawo ta. Ga ta nan yadda ya kawo, ku taya ni, don ni dai har yanzu kaina a ɗaure yake.

A wani gari na bakin layin dogo an yi wani mutum, Barau, wanda ya yi wa ƙungiyar 'yan Tasha gola a zamanin da ake buga ƙwallo a filin ƙasa. Yana da ɗabi'u biyu da kowa ya san shi da su. Ranar wasa ba ya sa abinci a cikinsa sai alƙali ya busa usur ɗin tashi, wai ciki cike ba ya tashi sama. Sannan yana da wata hula mai baki ta kare rana, wadda in an tashi yakan cire ya ɗora wa wanda ya fi kowa ƙoƙari a ranar, ko nasu ne ko na abokan hamayya.

Da tsufa ya zo, sai ya zo masa da cutar mantuwa, wadda mutanen gari ke kira gigin tsufa. Ya fara da manta inda ya ajiye carbi, ya koma manta sunayen jikoki, daga baya har 'ya'yan cikinsa ya daina ganewa. Sai kuma abin ya sake salo. Kullum da safe ya sa tsohuwar hularsa, ya je ya tsaya a ƙofar zaure ya ware hannuwa. In an kawo koko sai ya kau da kai ya ce, "Ba na ci kafin wasa." 'Ya'yansa maza su ce, "Baba, wane wasa kuma? Ai ka bar ƙwallo tun kafin a haife mu." Shi kuma ya dube su ya ce, "Ku su wane ne? Ku fitar mini daga fili." Rana ta faɗi ba a busa usur ba, gari ya waye, a wurinsa yau ma ranar wasa ce. Ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa. An kai shi asibiti an sa masa ƙarin ruwa ya fizge. Kowa ya ga in aka ci gaba a haka, yunwa za ta riga cutar kai shi kushewa.

Ta farko a cikin mutum ukun da labarin ya shafa ita ce 'yarsa Uwani. Yayyenta sun raba baki, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a kulle shi a ɗaki a ɗura masa kunu da ƙarfi. Ita ta ƙi. Ta zauna tana kallonsa, har ta tuna mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta taɓa faɗa mata cewa a filin wasa mata masu talla kan jefa wa gola yankakken lemo ya tsotsa. Ta yanka lemo ta tsaya daga gefen zaure ta jefa masa. Ya cafe, ya tsotse. Ta ajiye gorar ruwa a gindin ƙofa, da ɗan gishiri da sukari a ciki, ya ɗauka ya kurɓa. Bai gane ta ba. Mai lemo yake ce mata, har yakan ce ta matsa baya kada ƙwallo ta same ta. Ta haɗiye wannan, ta amsa sunan mai lemo a gidan ubanta, ta bar ɗinkinta, ta bar gidan mijinta a hannun ƙanwarsa. Lemo da ruwan nan su suka riƙe ransa. Ita ce kuma ta taka da ƙafarta ta je neman wanda ya san cutar, alhali yayyenta na cewa za ta tona musu asiri a ce ubansu ya haukace.

Na biyu shi ne wanda ta samo, Lawandi, ma'aikacin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Dama yana da wani zama da yake haɗa wa tsofaffi masu mantuwa, ya baza musu tsofaffin hotunan 'yan wasa, ya miƙa musu ƙwallo su shafa, sai ka ga wanda bai san sunan matarsa ba yana jero 'yan baya da 'yan gaba. Da ya zo ya fara duba jikin tsohon, ya tabbatar ba ciwon haƙori ko na maƙogwaro ke hana shi ci ba. Sannan ya tara 'yan gidan ya ce su daina yi masa musu, don duk wanda ya ce masa babu wasa, a idonsa maƙaryaci ne. Mutumin nan yana jiran a tashi ne, to a buga masa wasan a tashi. Ya sa aka ja layi da toka a tsakar gida, ya sa baƙar riga, ya rataya usur, ya kira samarin unguwa. Barau ya kalle su ya taɓe baki ya ce waɗannan 'yan kallo ne. Aka watse ana yi wa Lawandi dariya. Bai yi fushi ba. Ya dawo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsohon a ƙofar zaure, bai ce masa ka tuna kaza ba, sai ya ce, "Gola, yau da wa za mu kara?" Barau ya ce, "'Yan Gidan Auduga mana. Ka sa mini ido kan Ɗan'azumi, ƙafar hagunsa ba imani." Da wannan tambaya guda aka san wasan da ya maƙale a ciki.

Na uku shi ne Ɗan'azumin. Tsohon ɗan gaba ne, yana zaune a wani gari mai nisa, gwiwoyinsa sun lalace sai da sanda. Tsakaninsa da Barau ko gaisuwa babu tun wani wasan ƙarshe da aka ba da fenareti a kan gardama, Ɗan'azumi ya ci, Barau ya rantse ba laifi aka yi ba, kuma ranar ce kaɗai ya tafi gida da hularsa a kai bai ba kowa ba. Da saƙo ya iske Ɗan'azumi, 'ya'yansa suka ce tafiyar za ta kwantar da shi. Ya ce a ɗora shi a mota. Da aka iso, Lawandi ya raɗa masa cewa in zai sake buga fenaretin nan ya buga ta waje kawai a wuce wurin. Ya ce, "Ɗana, kai ka san cuta, ni na san Barau. In na zubar da gangan zai gane, ya ce an raina shi." Ya jingine sanda, ya goge ƙwallon da bakin rigarsa kamar yadda ya saba yi a da, ya nuna kusurwar dama da yatsa ya ce, "Barau, nan zan sa ta, kuma ba abin da za ka iya." Idon tsohon gola ya kawo haske. Ya gyara hula ya ce, "Ɗan'azumi, bakinka ya fi ƙafarka. Buga mu gani." Ɗan'azumi ya buga da iyakar abin da ya rage masa, ya zube ƙasa a kan gwiwar nan mai ciwo. Ƙwallo ta gangara a hankali ta nufi kusurwar da ya nuna. Barau ya durƙusa ya rungume ta a ƙirji. Lawandi ya busa usur na tashi.

Barau ya zauna a tabarma yana haki. Ya waiwaya ya ga mai lemo, ya ce, "Uwani, ina tuwona?" Ta kawo tana hawaye, ya ci har ya siɗe hannu, ya tura wa Ɗan'azumi kwanon ya ce ya sa hannu.

Sai ya cire hular. Ya riƙe ta ya ce, "Wannan ta gwarzon yau ce." Ya dubi Uwani, ya dubi Lawandi, ya dubi Ɗan'azumi, duka ukun suna gabansa. Hannunsa ya miƙe, sai kuma ya tsaya a iska. Hasken nan na idonsa ya dushe. Ya kalli hular kamar bai taɓa ganinta ba, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma, ya tambaya ko baƙin nan an ba su ruwa. Bai warke ba, cutar nan ba ta warkewa. Amma daga ranar, in ya tsaya a ƙofar zaure aka gangaro masa ƙwallo aka busa usur, yakan zauna ya ci abinci. Maganar hula kuwa bai sake tayar da ita ba, kuma a cikin ukun ba wanda ya yarda ya miƙa hannu ya ɗauka.

A nan Kawu Sallau ya tsaya ya jawo kwanon fura. Na yi caraf na ce ta Lawandi ce, don in ba shi ba wa zai yi tunanin a shiga duniyar mai cuta maimakon a jawo shi tamu? Kawu ya ce to gawa zai yi wa tambayar in ba lemon Uwani? Na koma na ce ta Uwani ce, ita ta yarda ubanta ya mai da ita baƙuwa don ya rayu. Ya ce ai lemo ba ya riƙe mutum har abada, kuma samarin unguwa sun zo ba ta yi ba, sai da wanda ake gaba da shi ya taso da ciwonsa. Na buɗe baki zan ce Ɗan'azumi, sai na tuna ko sunansa ba wanda ya sani a gidan sai da Lawandi ya tono shi. Na dawo inda na fara, fura ta ƙare ban sha ba.

To jama'a, ga hula a tsakiyar tabarma, mai ita ya manta wanda ya nufa. Tsakanin 'yar da ta riƙe ransa, da ma'aikacin jinyar da ya gano inda ya ɓace, da abokin gabar da ya zo ya buga masa ƙwallon gaskiya, kan wa za ku ɗora ta?