Ƙeyar Makaɗi

Rantsuwa ba wasa ba ce. Wani hakimi marowaci ya rantse Ɗangoje makaɗi ne zai riƙa yi masa kiɗa kowace Juma'a. Da suka ɓata, ya sake rantsewa ba zai ƙara ganin fuskarsa ba.

Sai ya aika masa: "Ka cika mini duka biyun, ko ka bar garin."

Ran Juma'a Ɗangoje ya shigo fada da baya da baya, yana kiɗa.

"Kai! Ni ka juya wa ƙeya?"

"Ranka ya daɗe, in juyo? Kaffarar ai ciyar da mutum goma ce kawai. Ga su can, har sun wanke hannu."

Hakimi ya miƙe zumbur. "Tsaya haka, ɗan albarka! Ƙeyar nan ta fi fuskarka kyau."