Albarkar Hakama

Ni Tasalla, matar marigayi Cindo, na rasa miji na rasa dutse. Abin da na samu ƙaramar ƙofa ce ta gabas. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na faro daga Hakama.

A zamanin da, tun dajin nan giwa ke kwana a cikinsa, aka yi wani fari da ya ƙafar da kowace rijiya. A lokacin akwai maharbi Korau, baƙin namiji mai kwari ɗaya, wanda kibiyarsa ba ta dawowa da ƙishi. Ya harbi wani farin gwanki, ya bi jininsa har ƙwanƙolin dutse, bai sauko ba.

Matarsa Hakama ta ɗaura zane ta hau nemansa. Can sama ta tarar da kogo mai kama da bakin saniya, bakan mijinta jingine a ƙofar. Wata murya ta fito daga ciki.

"Mijinki ya zubar da jinin dabbata. Ki sallama mini shi, in ba ku ruwa."

Sai ruwa ya fara ɗiga daga bakin kogon.

Hakama 'yar kasuwa ce, gishiri take sayarwa. Ta dubi ɗigon nan ta ce, "Albarka."

Mai muryar ya ƙara tayi, ɗigo ya zama kamar zaren saƙa. Ta ce albarka. Ya ƙara, ruwa ya kai kaurin cinya, ya gangara ya ratsa daji. Ta ce albarka. Hakama mai wuyan ciniki, wadda aljani ya taya ya gaji! Har ta tsufa ba ta ce ta sallama ba, Korau kuma bai fito ba. Mutane suka bi rafin suka kafa gari, suna sha suna wanka da tayin da aka yi wa mijin wata.

Tun daga nan kowace shekara matar babban gidan Korau take hawa ba takalmi, ta sa baki a kogon ta ce albarka, don kada ciniki ya mutu ruwa ya tsaya. Uwar mijina ta yi, ni ma na yi, har mutanen gari suka fara kirana mai magana da dutse.

Da Cindo ya rasu, ƙanensa Barmo ya kawo mai sayen dutsen. Ba'indiye ne, Mohan, mai injin casar shinkafa, ya iya Hausa raɗau. Shi da mutanensa sun saba zuwa ziyara. Tun daga gindin dutse suke cire takalma, su zuba furanni a ruwa, su kaɗa 'yar ƙararrawa. Ya ce a ƙasarsu ma sukan hau dutsen ƙanƙara don su gaida kogi a mafarinsa, suna ce masa uwa. Ɗakin ibada yake so ya gina, ya kewaye wurin.

Barmo kuwa da takalminsa ya hau, yana tofar da goro.

Mohan ya ce, "Mama, na ji labarin Hakama. Ba zan saya ba sai kin sallama."

Barmo ya ce, "Yallaɓai, rabu da ita. Matar yaya ce, ba ta haifa ba, ko tsakuwa ba ta da ita a nan. Ke Tasalla, in wannan ya fasa, masu fasa dutse na jira da nakiyarsu."

Na ce, "Auta, ni na wanke maka gindi da ruwan nan."

Mohan ya taya ni da gida mai kwano, na ce albarka. Ya ƙara da kujerar Makka, na ce albarka. Amma na san Barmo, abin da ya faɗa zai aikata. Gara mai cire takalmi da mai nakiya.

Na ce wa Mohan in ya kewaye wurin, a bar ƙofa ta gabas, ba kwaɗo ba mai gadi, kowace mace ta shiga da tulunta. A kuma kira ta Ƙofar Hakama. Ya yarda nan take, har na ji haushin ban ƙara ba.

Rafin Albarka na gudu har yau, kuɗi kuma Barmo ya lashe. Ni na tsaya a bakin kogon, na faɗi abin da Hakama ta mutu ba ta faɗa ba. A kan ƙofar da mace ɗaya ke shiga a kaikaice, na sallama.