Gafiya da Ƙanzon Baƙar Tukunya

Ga ta nan, ga ta nanku, ko da yake ba dukanta ta iso ba.

Kun ce ta zo ku ji ta ko guntuwa ce? To madalla. Wata tsohuwa ce ta ba ni ita a wani ƙauye da na taɓa sauka ina yawon neman karatu. Sunan ƙauyen ya ɓace mini. Akwai kuma wata waƙa a tsakiyar labarin, wadda ake rerawa wajen wanke-wanke, ita ma ta tafi, sai amonta kawai nakan ji a kaina wani lokaci in ina alwala. Abin da ya saura shi zan ba ku.

A zamanin da dabbobi suke shiga gidajen mutane neman aiki, akwai wata mai sayar da tuwo, sunanta Inna Lanti. Ko Lantana ce? Mu bar shi a Lanti. Gafiya ce mai wanke mata tukwane. Ba a biyanta da komai sai ƙanzo, don kun san al'ada, wanda ya wanke tukunya shi ke da ƙanzonta. Gafiya kuwa ba ta neman abin da ya fi wannan a duniya. Ta kankare, ta cusa a kumatu, ta wanke, ta kife. Kullum haka. Har ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi.

Kura ta daɗe tana son aikin nan. Kowace safiya sai ta leƙo ta kan danga ta ce, "Inna, harshena fa ya fi soson kowa."

Inna Lanti ta ce, "Na ji. Ranar da Gafiya ta yi mini laifi, ki zo."

Ana nan, sai sabulun Inna ya ƙare, ta tashi yin wani. Tana da wata baƙar tukunya a bayan rumbu, da muciyarta daban, da ƙwaryarta daban, ba ta haɗa su da kayan abinci. Ta ƙona karan dawa, ta tace tokar, ta ɗora ruwan a wuta har ya yi kauri. Duk wannan Gafiya ba ta gani ba, tana can tana barcin ƙoshi. Ba ta farka ba sai daidai lokacin da Inna ta juye man kaɗe ƙwarya guda cikin tukunyar, ta kama tuƙi.

Gafiya ta haɗiye yawu. Ta ce, "Inna, wannan tuwon na wane babban baƙo ne?"

Inna ta ce, "Ba tuwo ba ne, 'yar nan, sabulu ne. Ki saurare ni da kyau. Duk tukwanen gidan nan naki ne, ban da wannan. Ita da muciyarta da ƙwaryarta, a bar su su kwana biyu. Ɗanyen abin nan yana da cizo. In kaifinsa ya kwanta zan zuba ruwan zafi, shi da kansa zai wanke tukunyarsa, ruwan kuma in wanke zannuwana da shi. In na dawo na tarar an taɓa, kin dai san Kura tana jira."

Ta mulmula sabulunta curi-curi, ta kai ɗaki ta rufe, ta yafa gyale ta tafi barka a wata unguwa.

Gafiya ta wanke tukunyar tuwo. Ta wanke ta miya. Ta zauna. Ta dubi baƙar tukunya, ta kau da kai, ta sake dubawa. Ta ce a ranta, "Cizo wai. Tun da nake ban taɓa jin ƙanzo ya ciji kowa ba. Man kaɗe ƙwarya guda aka zuba ina kallo. Inna dai ta ga ƙanzon ya fi ƙarfin 'yar aiki ne, take so ta ci abinta ita kaɗai."

Ta je. Ta kankare, ta cusa a kumatu. Ta kankare, ta cusa a kumatu. Kun san gafiya ba ta ɗanɗanawa sai ta cika bakin tukuna. Sai da kumatun suka yi tam, sannan ƙanzon ya fara gaishe ta.

Abin ya kama harshe, ya kama dasashi, ya hau har cikin hanci. Ta ruga randa ta kurɓi ruwa. Ai kuwa sai kumfa. Ta goge, ta fito. Ta goge, ta fito. Ga rabin tukunya a kankare, ga sawun haƙoranta a jikin muciya, ga rana ta fara karkata.

Nan ne waƙar take shigowa, ina tsammani. Ko kuwa can baya ne? Bari dai mu wuce.

Sai ga Kura ta leƙo ta kan danga. Ta ce, "Ƙanwata, mene ne wannan fari-fari a bakinki?"

Gafiya ta daure, hawaye yana zuba, ta ce, "Yaya Kura, kin kama ni. Daɗi ne ya sa ni kuka."

"Daɗin me?"

"Ƙanzon masu hali. Loma ɗaya za ki ci, ki kora da ruwa, sai ya zama madara a bakinki, ya yi ta tasowa. Tun ɗazu nake haɗiya, ya ƙi ƙarewa."

Kura ta ce, "Ki ɗan sam mini."

Gafiya ta ce, "Ina! Ke da kike neman raba ni da aikina?"

"Wasa nake yi, ƙanwata. Ni da ke ai ɗaya ne."

"To shigo. Amma da sharaɗi. Farkonsa yana da ɗan zafi, kada ki tsaya. Daɗin yana can ƙasa. Kuma ki haɗa da muciya da ƙwarya, don a nan man ya fi taruwa."

Kura ta tsallako danga. Ta zura kai cikin tukunya, ta lasa. Ta ce daga ciki, "Da zafi."

Gafiya ta ce, "Daɗin yana can ƙasa."

Ta lasa, ta lasa. Ta ce, "Har yanzu da zafi."

"Daɗin yana can ƙasa, Yaya."

Kura ta lashe tukunya tas. Ta lashe ƙwarya. Ta kama muciya ta gwaigwaye, har sawun haƙoranta ya shafe na Gafiya. Sannan ta kafa kai a randa ta shanye rabi. Kumfa ta taso mata ta baki, ta taso ta hanci. Ta fasa danga ta fita a guje, karnukan unguwa suka gan ta fari fat, suka rufa mata baya har bakin daji.

Inna Lanti ta dawo, ta tarar danga a fashe, randa rabi, baƙar tukunya tana ƙyalli kamar sabuwa. Ta ce, "Gafiya, me na ce miki?"

Gafiya ta nuna ƙasa. "Inna, dubi sawun. Dubi muciya. Wannan haƙorina ne?"

Inna ta duba, ta ga lalle na Kura ne. Ta ce, "Ashe haka take. Ta gama neman aiki a gidan nan." Gafiya ta yi ajiyar zuciya. Sai shaƙuwa ta kama ta. Wani ƙwan kumfa ya fito daga bakinta, ya tashi a hankali, ya zo daidai hancin Inna ya fashe.

Inna ta goge hancinta.

Inna ta ce, "Wannan kuma fa?"

Gafiya ta ce, "Kawo daro, Inna, da ruwa." Aka kawo. Ta zazzage kumatunta duka biyu a ciki, ta karkaɗa, kumfa ta cika daro. Ta ce, "Da na ga Kura ta tsallako, sai na tuna zannuwanki. Na ce ba za ta cinye miki duka ba. Na rasa inda zan ɓoye, sai na ɓoye a bakina. Dubi yadda ya yi mini saboda ke."

Inna Lanti ta dubi daro, ta dubi Gafiya, ta daɗe tana dubanta. Tsohuwa ce, ta san abin da ta sani. Amma ga ruwan wankinta ya samu, mai wanke tukwane kamar Gafiya kuma wuyar samu gare ta. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Irin wannan amana sai da tukuici."

Ta ɗauko ƙanzon shinkafa mai kauri, ta zuba masa mai, ta barbaɗa yaji har ya yi ja, ta ajiye a gabanta. Ta ce, "Ci, ina kallo."

Gafiya ta dubi yajin, ta taɓa leɓenta. Ta ce, "Inna, yau azumi nake yi."

Azumin nan sai da ya kai kwana uku, kaji ne suka yi ta cin ƙanzo tana zaune tana kallonsu. Amma aikinta yana hannunta. Ran na huɗu ta kankare, ta cusa a kumatu, ta wanke, ta kife.

Ƙurunƙus, kan gafiya mai kumfa. Duk wanda zai ci abin da aka hana shi, ya ɗanɗana kafin ya cika baki, in kuma ya riga ya cika, ya duba ko akwai kura kusa.

A da na ɗauka tsohuwar nan ƙirƙira ta yi, don ban ga abin da zai kai dabba ga sabulu ba. Sai bayan shekaru, a wani zaure da na sauka, na ajiye curin sabuluna kusa da buta, na tafi masallaci, na biya kasuwa. Ko da na dawo, an gutsure gefensa, ga sawun ƙananan haƙora biyu a jere. Na nuna wa matar gidan, wadda ita ma sabulu take yi. Ta yi dariya ta ce, "Ɓera ne, Malam. Man da ke ciki yake bi. Shi ya sa muke kife masa ƙwarya, mu ɗora dutse." Wannan kam da idona na gani, kuma bai ɓace mini ba.