Ƙafa Mai Lalle a Bayan Zana

Ku gyara zama, jama'a, wannan sai kun yi mata gardama.

A wani gari akwai gidan mabusa algaita da ba mai shiga cikinsu sai ɗan gado, kuma namiji. Bare in ya kai algaita baki, a fasa ta a gabansa, a kore shi daga gari har da iyalinsa. Ana nan, gurbi ɗaya ya faɗi a cikinsu, aka sa ranar cike shi.

To, akwai Kyauta, 'yar mahauta, mai riƙe da tsohuwar uwa makauniya. Shekara bakwai Nomau, tsohon da ke gyara wa mabusan algaitu, yana koya mata busa can a gonarsa ta bayan dutse. Ganye in ya motsa sai gabanta ya faɗi, ta cusa algaitar cikin dami. Shi ma ya san in aka ji, tare za su bar gari.

Mantau, ɗan Sarkin Busa, ya taɓa jin tana busa, bai tona ba. Shi ya lallashi dattawa a kafa zana, duk mai nema ya busa a bayanta, a zaɓa da kunne. Ran nan Kyauta ta sulale bayan zana, sai ya lura zanar ba ta kai ƙasa ba, ga ƙafarta jawur da lalle. Ya tuɓe takalmansa sau-ciki ya tura mata.

Ta saka su, layi ya zo kanta, ita ce ta huɗu, ba abin da take gani a zuci sai uwarta a kan hanya da sanda in aka kore su. Ta busa. Dattawa suka ce, "Wannan na huɗun, jinin gidan nan ne!"

Aka yaye zana. Wuri ya yamutse. Wani dattijo ya fizge algaitarta ya ɗauko dutse, Kyauta ta durƙushe. Sai Barau, ɗan gadon da gurbin zai zama nasa in an kore ta, ya ɗora algaitar kakansa a kan tata.

Ya ce, "Baba, fara da tawa. Kunnuwanku ne suka ce tata ta fi. Ko sai da zana suke ji, in babu ita sai su kurumce?"

Hannun dattijo ya tsaya a sama, ya daɗe, sannan dutsen ya sauka a gefe. Sarkin Busa ya ce, "Tashi, 'yata, ki zauna cikinmu."

Al'adar gidan kuwa, sabon shiga yakan busa takensa na fari ga wanda ya shigo da shi, mutum ɗaya tak, kuma ba a maimaitawa har mutuwa. Kyauta ta ɗaga algaita, ga su su uku a gabanta.

To, ku da kuka ji, Nomau, Mantau ko Barau, wa ya cancanci ta juya wa bakin algaita?