Ranar da Kurege Ya Ƙirga Wutsiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata shekara aka ce za a zaɓi shugaban daji. Jam'iyya biyu ce, ta Masu Fiffike da ta Masu Wutsiya. Tsuntsaye suka tsayar da Gaggafa, suka koma kiwonsu. Masu Wutsiya kuwa 'yan takara goma sha ɗaya suka fito, kowa ya ce shi ne. Aka ce to, sai an yi zaɓen fid da gwani.

Akwai Kurege. Kurege ba ya noma, ba ya takara, amma ya san lokacin da abinci yake yawo. Sai ya tafi gidan Kura, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, duk mai kwana a rami maganata yake ji. Ni da mutanena naki ne."

Kura ta ba shi kwandon gyaɗa, ta ce, "Ci. Amma wanda ya ci nawa ya bi wani, ko ƙashinsa ba na ragewa."

Ya ci, ya share baki, ya tafi gidan Damisa. "Ni da mutanena naki ne." Ta ba shi ƙuli-ƙuli. Ya tafi gidan Biri. "Ni da mutanena naka ne." Ya ba shi masarar da shi ma sato ta ya yi. Gida goma Kurege ya ci, har ƙofar raminsa ta yi masa kaɗan.

Na sha ɗaya shi ne Gyado, aladen daji. Mummuna ne, kada mu yi wa juna ƙarya. Kurege ya same shi a busasshen rafi yana tonon yashi da haure, kamar yadda yake yi kowane rani don dabbobi su samu ruwa.

Gyado ya ce, "Ba ni da abin ba ka. Ga ruwa, sha."

Kurege ya sha, ya yi tsaki, ya wuce.

Abin da Kurege ya dogara da shi shi ne, a da cikin bukka ake zaɓe. Ka shiga kai kaɗai, ka jefa tsakuwa a tulun gwaninka, ba wanda ya gani. Ran zaɓe aka taru a gindin kuka, sai Kunkuru shugaban jam'iyya ya yi gyaran murya.

"Wancan karon tsakuwa ta fi dabbobin dajin nan yawa, kuma an ga kumatun 'yan uwan Biri a cike. Bana ƙato bayan ƙato za a yi. Kowa ya tsaya bayan gwaninsa, a ƙirga wutsiya."

Kurege ya yi lissafi. In ya bi ɗaya, tara suna kallonsa, kuma kowannensu da haƙora. Ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai yi ƙirgar? Kai kafin ka kai ƙarshen layi damina ta faɗi. A ba ni. Mai ƙirga dai ba ya bin layi."

'Yan takara suka amince baki ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba. Kurege na cikin murna sai Kura ta raɗa masa, "A layina wutsiya ɗaya biyu ce." Damisa ta ƙifta masa ido. Biri ya ƙifta masa duka biyun. Sai ya gane bai tsira ba. In ya ba Kura, Damisa ta cinye shi, in ya ba Damisa, Kura ta cinye shi. Ga ƙananan dabbobi sun fara bin bayan Kura don ta kafe su da ido.

Kurege ya hau suri ya ce, "Doka biyu ce. 'Yan takara su fuskanci kuka, wanda ya waiwayo ya fita takara. Sannan ni zan taɓa wutsiya, jama'a duka su ƙirga da ƙarfi."

Kowane ɗan takara ya ce a ransa, yaron nan ya san aikinsa, wata dabara ce yake shirya mini. Suka juya.

Da aka daina kallon ƙananan dabbobi, wata tsohuwar Zomanya ta ja jikanta ta ce, "Taso, mu je wurin wanda ya ba mu ruwa." Ɓeraye suka bi ta. Bareyi suka bi. Bushiya ta bi, aka ba ta fili. Layin Gyado ya miƙe har bakin rafi.

Aka fara ƙirga, daji ya ɗauka. Kura tara. Damisa bakwai. Biri talatin, duk gidansu. Gyado ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma ba kunnen da bai ji ba.

Kura ta waiwayo ta ga bayanta kusan fayau. Ta ce, "Kurege, ina mutanenka?"

"Ga su can, ranki ya daɗe. Ni ma yau na fara ganinsu."

Ta yi kansa. Ya ɗare bayan Gyado, layin nan duka ya juyo ya zuba mata ido. Kura ta tsaya, ta dubi ɗari huɗu, ta dubi taranta. Ta ce, "Ai jam'iyya ɗaya muke," ta sulale ta bi ƙarshen layi. Sauran ma suka bi ta.

Gyado ya ce, "Ni ban iya jawabi ba. Gobe kowa ya zo rafi da farcensa, tonon ya fi ƙarfin haure biyu."

Kunkuru kuwa ya ɗaga hannun Kurege ya ce, "Daji bai taɓa ganin mai gaskiya irin wannan ba. Daga yau shi ne mai ƙirga har abada." Labari ya bazu cewa Kurege ba ya sayuwa. Tun daga ranar ba ɗan takarar da ya ƙara ba shi ko ƙwayar gyaɗa.

Kurunkus, na sauke ta nan. In za ku ci a gida goma, ku fara tambayar yadda za a yi ƙirga, kada tsoro ya sa ku yi gaskiya ta bi ku har tsufa.