Kwalayen da Muntaka Bai Taɓa Buɗewa Ba

Akwai wani dattijo a Jidda mai suna Muntaka, wanda ko yau ka ce wa tsofaffin mutanen Karantina "mai 'yan tsana", sun san shi kake nufi. A unguwar aka haife shi. Mahaifinsa ya zo aikin Hajji daga Gusau bai koma ba, ya ƙare rayuwarsa yana dako a kasuwar Bab Makka.

Muntaka gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya ɗanɗana zafin Jidda ya san mai wannan sana'a ba ya rasa abin kai wa baka. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kafilinsa da ya tsaya masa a wurin hukuma ba mai takura ba ne. Matsalarsa ɗaya ce, kuma tun yana yaro ta kama shi.

Yana da shekara goma sha ɗaya ya kai wa mahaifinsa abinci kasuwa, sai ya hango wani mutum-mutumin roba a tagar wani shago, irin mayaƙan sararin samaniya da yaran lokacin suke hauka a kansu a talabijin. Kullum sai ya je ya manna goshi a gilashin, har mai shagon ya fara korarsa da tsintsiya. Wata rana ya je ya tarar an saye. Abin nan bai taɓa fita daga ransa ba.

Da ya girma ya fara samun na kansa, duk Juma'a ana saukowa daga masallaci sai haraj, kasuwar gwanjo. Ragowar kayan tsofaffin shagunan da suka rufe yake nema, waɗanda salatif ɗin kamfani yake jikin kwalinsu har yanzu. Dokarsa ita ce dokar manyan masu tara irin waɗannan kaya: kwalin da aka buɗe ya tashi daga aiki. Saboda haka bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Hoton da ke jikin kwalin yake kallo, ya share ƙura da tsumma mai laushi, ya mayar a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Gidansa ɗaki biyu ne da falo, mukayyif mai kyau kuwa guda ɗaya. Ku faɗa mini a wane ɗaki ya saka shi? Ɗakin kwalaye mana. Matarsa Zubaidatu da 'yarsu tilo Najwa suna ƙarƙashin fanka suna fifita da murfin tukunya, alhali maigidan shi ke sanyaya gidajen rabin unguwa.

Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji. Wasu su ce gemu ya fara fari yana wasan yara, wasu su ce gumaka yake tarawa. Shi kuma ya ɗauke su duka jahilai waɗanda ba su san darajar abu ba. A hankali ya daina zama a dandali, ya daina gayyatar kowa gidansa.

Najwa tana da shekara bakwai, wata rana ya fita ya manta makulli a jikin ƙofa. Da ya dawo da la'asar sai ya same ta zaune a tsakar ɗakin, kwali a yage a gefenta, jan mutum-mutumi a hannunta. Tana ganinsa ta miƙe da murna.

"Abuya, shuf! Zo ka ga abin da yake yi!"

Bai doke ta ba. Ni da za a tambaye ni, da dukan ya fi sauƙi. Karɓe shi ya yi daga hannunta, ya dube ta ya ce, "Kin ɓata shi. Duk abin da kika taɓa ba shi da sauran amfani." Ya fita ya wurga shi cikin shara.

Wata guda bai yi mata magana ba. Zubaidatu ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta ce, "Malam, roba ce fa. Wannan kuma 'yarka ce." Ya ce ita ma ba ta san komai ba, ya sayo kwaɗo na biyu ya ƙara wa ƙofar.

Daga ranar Najwa ta koyi tafiya a gidan ubanta ba tare da ta taɓa komai ba. Ta girma mai ladabi, tana gaishe shi safe da yamma, amma ba ta sake cewa ya zo ya ga wani abu nata ba. Da Zubaidatu ta rasu, gidan ya yi tsit. Bayan shekara biyu Najwa ta auri wani direba mai suna Mazen suka tare a arewacin gari. Duk Juma'a takan kira, gaisuwar minti biyu, shi ke nan.

Sai rusau ya iso Karantina. Wata safiya Muntaka ya fito ya ga an rubuta da jan fenti a bangonsa cewa a tashi. Maƙwabtan shekara hamsin suka riƙa loda katifu a motoci suna watsewa, kowa da inda ya nufa.

Najwa ta zo ta same shi yana naɗe kwalaye da bargo. Hausarta ba ta da ƙwari, irin ta 'ya'yan da aka haifa a nan, sai ta haɗa da Larabci.

"Abuya, yalla, ka taho wurinmu. Akwai ɗaki ɗaya a shaggarmu, gidan da muke ciki, na share na sa gado."

"Kwali ɗari da arba'in za su shiga?"

"Gado ne zai shiga, da kai. Ɗakin ƙarami ne wallahi."

"To su fa?"

"Ka zaɓi goma. Sauran ka ba wa wani, ko ka sayar."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Har yau ba ki san darajarsu ba."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Na sani, Abuya. Tun ina shekara bakwai na sani." Ta ɗauki jakarta ta fita. Daga wannan Juma'ar wayarsa ba ta sake ƙara da sunanta ba, shi kuma girman kai ya hana shi kira.

Ya kama ɗaki can gabashin gari, a unguwar da ba wanda ke jin Hausa. Kwalaye suka cinye bango uku, shi ya raɓa katifa a bakin ƙofa. Azumi ya zo, yana buɗa baki shi kaɗai da dabino uku da dafaffen waken fulu na leda. Ranar Salla ya sa sabuwar jallabiya, ya dawo daga idi ya zauna a gaban kwalaye har azahar. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har wani lokaci yakan tsinci kansa yana gaya wa hotunan yadda aiki ya kasance.

Ana nan, bayan shekara ɗaya da rabi, aka kira shi gyara a gidan wani Balarabe mai suna Bandar. Yana shiga falo ya tsaya cak. Ga irin mutum-mutuminsa jere a kan katako, tsirara babu kwali, wasu an ɗaga hannuwansu, wasu an karkata kawunansu.

"Duk ka buɗe su?" in ji Muntaka, yana girgiza kai. "Ka yi asara. Ka zo ka ga na gaske, ɗari da arba'in, ba wanda iska ta taɓa."

Bandar ya ce, "Wane suna ake kiranka da shi, ya ammi, baffana? Abu wa, wato baban wa?"

Muntaka ya ɗan jinkirta. "Abu Najwa."

Ranar Asabar da yamma Bandar ya zo. Shi ne baƙo na farko da ya taka ɗakin. Muntaka tun safe yake shiri, ya dafa gahawa, ya sayo dabino mai tsada, har da turare ya kunna.

Bandar ya daɗe yana kallo yana cewa masha Allah. Sai ya nemi izini ya ɗauki kwali ɗaya, ya kai hanci ya shinshina gefensa. Ya ɗan jijjiga shi kusa da kunne. Wani abu ya yi ƙwaram-ƙwaram a ciki.

"Kada ka jijjiga!" Muntaka ya daka masa tsawa.

"Ya Abu Najwa, yaushe rabonka da ka ga cikinsu?"

"Ba a buɗewa. Kai ma ka sani."

"Ni ma haka na ɗauka da, sai da na rasa talatin. Wannan tsohuwar roba gumi take yi. In ba ta sha iska ba sai ta narke a cikin kanta. Zaren robar da ke riƙe ƙafafu yana ruɓewa, batirin da aka saka tun daga kamfani yana zubar da ruwa. Ɗakin ka sanyaya, amma cikin kwalin ba abin da ke shiga. Ga laimar Jidda, ga shekarun da suka yi a rana a haraj kafin su zo hannunka."

Muntaka ya ce ƙarya ne. Don ya kunyata baƙon, ya ɗauko wuƙar aikinsa, ya yanka salatif na farko a rayuwarsa.

Wari ne ya fara fitowa, mai tsami. Mutum-mutumin yana kwance ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, fuskarsa ta manne da farin soson da ke tallafe shi. Da ya taɓa ƙirjin sai fenti ya biyo yatsansa kamar danƙo.

Ya buɗe na biyu. Batir ya cinye bayansa, ya bar koren gari. Ya buɗe na uku, na goma, na ashirin. Bandar ya riƙe hannunsa ya ce ya isa haka, Muntaka ya fizge. Kafin kiran magariba ɗakin ya cika da yagaggun kwalaye, kuma waɗanda suka iya tsayawa da ƙafafunsu ba su kai goma sha biyar ba. Gahawar ta huce ba wanda ya sha.

Bandar ya yi ta ba shi haƙuri, amma Muntaka ba ya jin sa. Ba robar yake tunani ba. Zubaidatu yake gani tana fifita, da wata yarinya da ta miƙe da murna tana cewa ya zo ya gani.

Washegari da hantsi ya tari mota zuwa arewacin gari. Sai da ya tambayi mutum uku kafin ya gane ginin, don bai taɓa zuwa ba. Najwa ta buɗe ƙofa ta ga ubanta tsaye hannu wofi, yatsunsa duk fenti.

"Lafiya, Abuya?"

"Sun ruɓe," ya ce. "Tun tuni suka ruɓe, ni ban sani ba."

Ta ja shi ciki. Ta zaunar da shi, ta kawo ruwa, ta shiga kicin. Da ta fito akwai wani abu a hannunta. Jan mutum-mutumin ne. Fentinsa ya koɗe, an ɗaure hannu ɗaya da zaren ɗinki, amma da ta ajiye shi a kan tebur sai ya tsaya ƙyam.

"Mama ce ta tsamo shi daga shara ranar, ta wanke ta ce in ɓoye. A kan firij yake zama."

Muntaka ya kasa taɓa shi. Ya ce, "Me ya sa kika buɗe, Najwa? Ban taɓa tambayarki ba."

"Ba wasa nake so ba, Abuya. Kullum ina leƙenka ta ƙofa kana kallon kwali kana murmushi. Ni ba ka taɓa kallona haka ba. Na ce bari in ga mene ne a ciki da ya fi ni."

Dattijon nan ya sunkuyar da kai ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar jana'izar matarsa. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ba ta ɓoye masa cewa ta daɗe tana jin ciwon abin ba.

Can ta share idonta ta ce, "Ka san hularsa tana buɗewa?"

"Wace hula? Ba a nuna haka a jikin kwali ba."

Ta danna wani ɗan maɓalli a bayan wuyansa. Hular ta ɗage, sai ga 'yar ƙaramar fuskar mutum a ciki, da ido da gira har da murmushi. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana cewa kowa jahili ne bai taɓa sanin akwai ta ba.

"Shi ne abin da na ce ka zo ka gani," in ji Najwa. "Shekara ashirin da huɗu ke nan."

Ya jawo kujerarsa kusa da ita ya ce, "Sake yi in gani."

Gadon yana nan a ƙaramin ɗakin, ba ta taɓa cire shi ba. A ranar ya kwana a kansa.

Darasi: Ba laifi ba ne mutum ya so wani abu ya kuma adana shi, amma duk abin da ka kulle wa ƙofa ka bar iyalinka a waje, wata rana za ka buɗe ka tarar bai kai abin da ka rasa ba. Idan ɗanka ya ce ka zo ka ga wani abu, ajiye abin da ke hannunka ka je, domin ba kowa ne ake jira shekara ashirin da huɗu ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman wanda kuka san ya daɗe bai kira 'ya'yansa ba.